Lemun da Yaya ta Dasa

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan sai godiya. Gwiwa dai ta ƙi ni, kunne kuma kin san labarinsa, injin yankan katako ya cinye shi tun ina da ƙarfina. Don haka ki daina wahalar da kanki kina kiran wayar Tela maƙwabcina a miƙo mini. Ran nan da kika kira, na manna abin a kunne ina ta na'am, na'am, wallahi ko kalma ɗaya ban ji ba. Ki rubuto, ido yana nan da sauransa.

Abin da ya sa na ɗauki biro, lemun tsamin tsakar gida ne, wanda Yaya mahaifiyarki ta dasa da hannunta tana goye da ke. Ba shi da lafiya, Auta. Ganyen ya fara komawa rawaya tun daga rassan ƙasa, kullum da safe sai na share abin da ya zubar, 'ya'yan bana kuma ƙanana ne, tun ba su kai ko'ina ba suke faɗowa. Na ƙara masa ruwa, bai ce komai ba. Na rage, haka nan. Ni kafinta ne, itace sai ya mutu nake sanin halinsa, mai rai ban san kansa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Tun da muka binne Yaya, a ƙarƙashinsa nake ajiye bencina in yini. In ya mutu ban san ina zan riƙa kallo a gidan nan ba.

An ce a lambun gwamnatin da kike aiki har likitan bishiya kuke da shi. To ga majinyaci, ki gaya mini abin yi. In kuwa shara kawai kike musu, ki faɗa mini gaskiya in nemi wani.

Kawunki

Zuwa ga Kawu,

Amin wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same mu lafiya, yaran suna gaishe ka, babansu ma ya ce a yi maka sannu da gwiwa. Ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ka kuma bar hawa tsani, na san halinka.

Shara kuma, Kawu? Allah ya shirye ka! Ni ce fa mai zagayawa da baƙi. 'Yan makaranta su zo mota guda, in sa su a gaba daga rumfar furanni zuwa tafkin bado, mu ratsa ɗakin gilashi, mu fita ta layin lemo, ina faɗa musu sunan kowace bishiya ina hana su tsinka. Ranar Asabar kuma muna kafa tebur a bakin ƙofa, mutane suna ce masa asibitin tsirrai. Kowa ya kawo ganyensa mara lafiya, malamar gwaji ta duba, ni in rubuta masa abin da zai yi. Ka ga ba ka ɓata hanya ba.

Da na karanta maganar lemun Inna sai da gabana ya faɗi, amma kada ka tayar da hankalinka tukuna. Rawaya iri-iri ce. Akwai ta yunwa, akwai ta yawan ruwa, duk waɗannan da sauƙi. Akwai kuma wata mummuna da wani ɗan ƙwaro yake yaɗawa, ita ba ta da magani, Allah ya raba mu da ita. Ka juya bayan ganyen ka duba ko akwai ƙwari. Ka gaya mini kuma me kake zuba masa a gindi.

Sannan ka tsinko ganye uku ko huɗu, ka sa a leda, ka ƙulle bakin sosai, ka aiko mini. Ganye kawai, Kawu. Ban da ƙasa, ban da reshe, ban da komai mai rai. Dokar wurinmu ce, duk tsiron da ya fito daga waje ba ya wuce teburin bakin ƙofa, don kada ya shigo mana da cuta. Shugabarmu mace ce mai kirki, amma a kan wannan ba ta da wasa ko kaɗan.

'Yarka, Auta

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa da sauƙi. Tsani kuma na ji, an daina, sai in ta kama.

Na juya ganye har wuyana ya ƙage, ban ga ƙwaro ba, sai dai idon tsoho ba abin dogaro ba ne. Gindinsa kuwa ban bar shi da yunwa ba. Tsohon shagona suna ba ni garin katako buhu-buhu, sabo fil daga bakin inji, ina lafta masa har ya kai ƙwauri, don ya riƙe masa laima. Wane lemo ne a unguwar nan ya sami wannan gata?

Maganar leda kuwa na gwada, na kasa. Na tsinko ganyen, na ƙulle, kafin azahar suka yi gumi suka yi laushi, abin tausayi. Na ce wane likita ne zai gane cuta a jikin gawa? Ai gara a kai masa mai numfashi. Akwai wani reshe da na kafa a gwangwani tun bara, ya yi saiwa, ya fito da toho, shi ma ganyensa da ɗan rawaya-rawaya irin na uwar. Na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, na haɗa masa akwatin katako daidai shi, na ba direban babbar motar da ke zuwa wajenku. Kada ki ce na karya miki doka, dokarku ta baƙi ce, wannan kuwa ƙaninki ne, uwarku ɗaya.

In likitar ta gama da shi ki riƙe abinki. Dama na daɗe ina so wani abu na Yaya ya zauna kusa da ke.

Kawunki

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Mu ma jikinmu lafiya, hankali ne dai ba ya kwance. Ka yafe mini daɗewar da na yi ban amsa ba. Da farko aiki ne ya sha kaina, yanzu kuma ban san ta inda zan fara ba.

Akwatin ya same ni a wurin aiki, direban a bakin ƙofar lambu ya sauke shi. Da na buɗe na murza ganye ɗaya, ƙamshin tsakar gidanmu ya buge ni, sai na ji ni zaune a ƙasa ina hawaye. Ya kamata in kai shi tebur. Amma na san in na kai, za su yanki abin da za su yanka su jefa sauran a wuta, haka ake yi wa duk mai rai da ya zo daga waje. Gidanmu kuma ka sani, bene ne, ko taga mai samun rana ba mu da ita. Sai na lallaɓa na kai shi bayan rumfar da muke renon dashe, na saka shi a tsakiyar tukwane, dab da layin lemo. Na ce kwana biyu ne in nema masa wuri. Kwana biyun nan ya zama watanni, kullum ina ba shi ruwa a ɓoye.

Kawu, mummunar cutar nan da na faɗa maka ta ɓulla a layin lemunmu. Malamar gwaji ce ta gani. An zagaye wurin da jar igiya, an hana baƙi wucewa, an soke zuwan 'yan makaranta, teburin Asabar ma an naɗe shi. Malaman gona sun zo daga ma'aikata cikin farar mota, sanye da fararen kaya har kai. Bishiyoyin da suka girme ni ake sarewa, a tono saiwar, a ƙone. Hayaƙin har cikin ofis.

Yanzu bin sawu suke yi, suna son sanin ta ina ta shigo. Na ji da kunnena babbansu yana gaya wa Shugaba cewa duk gidan da aka bi aka tarar da tushen, sare bishiyar za a yi, da duk wani lemo na maƙwabta da ke kusa. Jiya Shugaba ta tara mu ta ce duk wanda ya san ya taɓa shigo da wani tsiro ta bayan fage ya same ta da kansa, kafin ita ta gano. Tana maganar ina jin kamar ni kaɗai take kallo. Gwangwanin yana cikin jar igiya yanzu, ba halin in ɗauke shi, ga akwatin da ka yi masa a gefensa, kowa ya gani ya san ba aikin lambu ba ne.

In na yi shiru aka gano, aikina ya tafi. In na faɗa, za su tambaye ni daga ina, kuma ka san amsar. Abinci ba ya shiga, babansu har ya fara tambayata ko ciwo nake ɓoyewa. Ka sa ni a addu'a.

Auta

Zuwa ga Auta,

Sallama. Ina lafiya, in dai wanda ya karanta irin wasiƙarki zai ce yana lafiya.

Innalillahi. Na karanta, na sake karantawa, na je na tsaya gaban lemun ina kallonsa kamar ban taɓa ganinsa ba. Ke kika ce leda, ni na ce gwangwani. Taurin kai irin nawa, ga inda ya kai yarinya.

Da kika ce Shugaba ke kaɗai take kallo, kina nufin ta riga ta sani ke nan? Ta kira ki ofis? Ki faɗa mini dalla-dalla, kada ki ce za ki rarrashe ni, ni ba yaro ba ne.

Ga wani abin da ya ƙara tsinka mini zuciya. Kin tuna lemun zaƙin Tela, wanda rassansa ke leƙowa ta kan katanga? Bana ya yi 'ya'ya har sai da ya kafa masa gwafa. Rassansa da na namu suna gugar juna in iska ta kaɗa. Jiya ya leƙo yana dariya ya miƙo mini guda biyu, na karɓa ban iya haɗa ido da shi ba. Mutumin da ke miƙo mini waya, wanda ya kai ni asibiti a bayan babur ɗinsa. In aka zo aka sare masa bishiya saboda ni, da wane baki zan gaishe shi?

Shekaranjiya wata farar mota ta shigo layinmu ta tsaya. Auta, ban san lokacin da na tura ƙofa na sa sakata ba, da gwiwar tawa da komai. Na leƙa ta kafar ƙofa, ashe masu duba mitar lantarki ne. Ko a lokacin ban iya yin dariya ba.

Ki gaya mini abin da zan yi. In akwai magani komai wahalarsa zan nemo. In kuma babu, shi ma ki faɗa, kada ki bar ni a tsaye.

Kawunki

Auta,

Gaisuwa. Kin sami wasiƙata? Na yi ta sintiri gidan waya har ma'aikacin yana hango ni yake girgiza kai tun ban ƙaraso ba. Na tare direban babbar mota, ya ce ya wuce ta ƙofar lambunku, ya tambaya, mai gadi ya ce masa kin kwana biyu ba kya zuwa aiki.

Ba kya zuwa aiki, Auta? Sun sallame ki ne? Na so in sa Tela ya kira ki ya ji mini, sai na tuna duk abin da za ki faɗa ta kunnensa zai biyo, kuma lemunsa na ciki. Na fasa.

Ganyen sai ƙara zuba yake. Da safe in na fito da tsintsiya, har na Tela nake ɗaga kai in duba ko ya fara canza kala. Wani lokaci in ga kamar ya fara, wani lokaci in ce rana ce.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto. Shirun nan ya fi kowace magana muni.

Kawunki

Zuwa ga Kawuna,

Sallama da gaisuwa da albishir! Muna lafiya ƙalau, yau kam har da hankali. Wasiƙunka biyu suna gabana, na karanta ina jin kunyar kaina. Ka yafe mini, don Allah ka yafe mini. Na riƙa cewa ba zan rubuto ba sai ina da abin faɗa, ban yi tunanin yadda shirun zai yi maka ba.

Na je na sami Shugaba da ƙafata na faɗa mata komai. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce in zauna a gida har sakamako ya fito, shi ya sa mai gadi ya ce ba na zuwa. Suka ɗebi ganyen gwangwanin suka aika babban ɗakin gwaji. Sun tambaye ni gidan da ya fito, na faɗa, suka ce ba za su taso ba sai in an ga cuta.

Kawu, babu cuta! Tas yake. Tushen abin wasu dashe ne da lambu ya sayo daga wani mai saye da sayarwa a waje, tun kafin akwatinka ya zo. Ba mu ba ne, ba lemun Inna ba ne, ba wanda zai zo gidanmu, lemun Tela ma ba abin da zai same shi. An ja mini kunne sosai, an hana ni shiga rumfar dashe, amma na koma bakin aikina, jibi ma ina da 'yan makaranta.

Ka san me ke damun lemun? Yunwa! Da na gaya wa malamar gwaji gatan da kake masa sai da ta riƙe baki. Ɗanyen garin katako in yana ruɓewa, abincin da ke cikin ƙasa yake janyewa, bishiya ta tashi a tutar babu. Kai kana can kana shagwaɓa shi, ashe horon yunwa kake masa. Ka kwashe garin nan kaf, ka sassauta ƙasar a hankali kada ka ji wa saiwa ciwo, ka zuba tsohon takin dabbobi wanda ya huce, ban da jikin gindin. Ruwa kuma sai ƙasa ta fara bushewa. Ta ce kafin damina ta yi nisa za ka ga sabon toho kore shar.

Abu ɗaya ne ya sosa mini rai. Na gwangwani sun ƙone shi tare da sauran, tun da ya zauna a cikin masu cutar. Na yi kukana, amma na ce ba komai, uwar tana nan. In mun zo hutu da yaran sai ka koya mini yadda ake kafa reshe, wannan karon a gida zan nema masa wuri ko a kan matakala ne.

Ka buɗe ƙofarka, Kawu, ka ci abinci, ka karɓi lemun Tela da hannu biyu.

'Yarka mai laifi, Auta

Zuwa ga Auta,

Sallama. Ina fata kina lafiya, ke da yaran. Ni ma lafiya, sai ciwon kafaɗa, kuma na san dalilinsa.

Har yau ban ji daga gare ki ba, na kuma daina ganin laifinki. Na zauna na yi tunani, na ce yarinyar nan ta san abin da ya kamata a yi, bakinta ne ba zai iya gaya wa kawunta ya sare bishiyar uwarta ba. Ni ma da ni ne ba zan iya ba. To ni ne babba, ni na jawo, bai kamata in bar miki wannan nauyin ba. In suka zo ba su tarar da komai ba, ba su da abin da za su riƙe ki da shi, ƙwaron kuma ba shi da gadar hayewa gidan Tela.

Shekaranjiya da hantsi na wasa zartona. Ban kira kowa ba. Na fara da rassan da ke kan katanga, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙaya ta yi mini kaca-kaca da hannu. Tela ya leƙo yana ta magana yana ɗaga hannuwa, na nuna masa kunnena, ranar kam kurumtar ta yi mini rana. Da na zo kan gindin sai da na zauna na huta sau da yawa, ba don gajiya kaɗai ba. Na ce, Yaya, ki yafe mini, don Auta ne. Na san da tana nan ita za ta riƙe mini ɗaya bakin zarton.

Abin da ya ba ni mamaki, cikinsa lafiya lau. Na yi shekaru ina yanka itace, na san ruɓaɓɓe tun daga kukan zarto. Wannan fari tas, mai tauri, ko huda ɗaya babu. Lallai cutar nan muguwa ce da take iya ɓuya haka.

Kin ce har saiwa suke tonowa, ni ma haka na yi. Jiya na yini da diga har na ciro kututturen. Na tara komai a tsakar gida, da rassan, da 'ya'yan, da ganyen da na share, na zuba kananzir. Na so in ajiye guntu ɗaya in fafe miki ludayi ko wani abu, na ɗauka na ajiye, na sake ɗauka, na ce a'a, taurin kan nan ne ya kawo mu nan, na jefa shi ciki. Unguwa duk ta ɗauki ƙamshin lemo, mata suna fitowa suna tambayar wa ke turare.

Tsakar gidan ya yi haske da yawa. Yau na rasa inda zan ajiye benci, na yi ta jansa daga wannan bango zuwa wancan, ƙarshe na shigar da shi zaure. Zan saba.

Ina cikin rubuta wannan, Tela ya shigo da wasiƙarki, ya biya ta gidan waya aka ba shi. Ga ta nan kusa da ni ban buɗe ba tukuna. Na ga kaurinta, na san kin sha wahala kina neman kalmar da za ki faɗa mini da ita. Kin huta, 'yata, an riga an gama, ki je ki gaya wa Shugaba su zo duk ranar da suka ga dama. Bari in kai wannan gidan waya kafin su tashi daga aiki, in na dawo sai in zauna in karanta taki.

Kawunki